Yadda na gyara tabarau mai zamewa daga hanci

Tabarau na karatu ne, firam ɗinsa roba. Da na sunkuyar da kai sai ya sulalo zuwa bakin hanci, a sujada kuwa har ƙasa yake faɗuwa, balle lokacin zafi da gumi. Na ɗaure ƙananan notin gefe, na wanke maiƙon da sabulu, duk bai hana ba.

Ashe ƙafafunsa ne suka miƙe, ba sa kama bayan kunne.

Na zuba ruwan ɗumi a kofi, wanda yatsa zai iya jurewa, ba tafasasshe ba. Na tsoma ƙarshen ƙafa ɗaya kawai na daƙiƙa 40. Kada gilashin ya taɓa ruwan, zafi na lalata rufin da ke kansa. Da robar ta yi laushi, na riƙe daidai inda take hawa kan kunne, na lanƙwasa ƙarshen ƙasa kaɗan, da ɗan karkatawa ciki, sannan na sa a ruwan sanyi ta daskare. Haka na yi wa ɗayar.

Na ɗora shi a kan tebur na ga ƙafafun sun daidaita. Alhamdu lillahi, ya zauna daram, bayan kunne ma ba ciwo. Mai firam ɗin ƙarfe, ya fara matso da 'yan robobin hancin nan biyu kusa da juna.