Yadda ake samun katin tsaftar abinci ta intanet a Amurka

Wanda ya samu aiki a gidan abinci a Amurka, ko da wanke-wanke ne ko yankan albasa, a jihohi da yawa za a nemi ya kawo katin shaidar cewa ya yi kwas na tsaftar abinci. Kwas ɗin gajere ne, ana yin sa ta intanet cikin awa ɗaya zuwa biyu. Inda mutane suka fi yin asarar kuɗi shi ne su biya kwas ɗin da hukumar lafiya ta garinsu ba ta amince da shi ba.

Saboda haka kafin ka biya ko sisi, ka tambayi manajan wurin wane kati mai duba tsafta yake karɓa, sannan ka tabbatar a shafin hukumar lafiya ta jiharka. A Kalifoniya ana so ma'aikaci ya samu katin cikin kwana 30 da kama aiki, katin yana aiki shekara 3, kuma tun daga Janairun 2024 mai gidan abinci ne doka ta ɗora wa biyan kuɗin. Amma gundumomin Riverside da San Bernardino suna da nasu katin dabam. Katin Teksas shekara 2 yake yi. Jihar Washington kuwa nata kwas ɗin take bayarwa a kan dala 10, ana so a yi shi cikin kwana 14, kuma kwas ɗin wani kamfani ba ya maye gurbinsa. A birnin New York hukumar lafiya tana koyar da darussan kyauta ta intanet, amma jarrabawar sai mutum ya je da ƙafarsa, takardar kuma ta mai kula da kicin ce. Inda aka bar wa kamfanoni, abin dubawa shi ne tambarin ANAB, hukumar da ke tantance su. ServSafe, na ƙungiyar masu gidajen abinci ta Amurka, shi ya fi shahara.

Kati iri biyu ne, kada ka haɗa su. Na ma'aikaci a ServSafe tambaya 40 ne, ana cin sa da kashi 75, ba a ƙayyade lokaci ba, ba mai sa ido. Na manaja tambaya 90 ne cikin awa 2, sai da mai sa ido, yana aiki shekara 5. In ta intanet za ka rubuta na manaja, ka tanadi kwamfuta mai kyamara da katin shaida mai hoto, ka share teburinka, ka kulle ƙofa, domin shigowar wani ɗakin tana iya sa a soke jarrabawar. Wajen rajista ka rubuta sunanka daidai yadda yake a katin shaidarka. Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, ƙaramin abu ne da ke jawo doguwar wahala.

Lambobin da za ka haddace

Babu kwas ɗin da Hausa, amma Turancinsa mai sauƙi ne, kuma ƙashin bayansa lambobi ne. Ma'aunin zafi na Farenhait ake amfani da shi. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa tsakanin digiri 41 da 135, wato 5 zuwa 57 a ma'aunin Salshiyos. Abincin sanyi ya zauna a 41 ko ƙasa, na zafi a 135 ko sama. A birnin New York 140 ake nema, to wanda ke can da wannan zai amsa.

Wajen dahuwa, cikin kaza da sauran tsuntsaye sai ya kai 165. Niƙaƙƙen nama 155 na daƙiƙa 17. Yankan nama da kifi 145 na daƙiƙa 15. Niƙaƙƙen ya fi buƙatar zafi ne saboda injin niƙa yana cusa ƙwayoyin da ke bayan nama cikin tsakiyarsa. Wannan jerin ne kuma tsarin firji: abincin da ya gama dahuwa a sama, sai kifi, sai yankan nama, sai niƙaƙƙe, ɗanyar kaza can ƙasa, don kada ruwanta ya ɗiga a kan salak. Ma'aunin kansa ana gwada shi: a cika kofi da farfasasshiyar ƙanƙara, a zuba ruwa, a tsoma shi na daƙiƙa 30. In bai nuna 32 ba, sai a saita shi ko a sauya.

Sanyaya babbar tukunya

Wannan darasin ya cancanci a karanta shi sau biyu, musamman ga masu aiki a gidajen abincin Afirka inda ake dafa miya da dafa-duka a manyan tukwane. Ƙa'idar hawa biyu ce. Daga 135 abinci ya sauko 70 cikin awa 2, daga nan ya kai 41 kafin awa 6 ta cika gaba ɗaya. In awa biyun farko ta wuce bai kai 70 ba, ko dai a sake tafasa shi ya kai 165 a fara lissafi sabo, ko a zubar.

Ɗauki tukunyar miyar gyaɗa da aka sauke ƙarfe goma na dare, aka rufe da murfi, aka tura firji. Gefenta zai yi sanyi, mai ya daskare a sama, duk wanda ya taɓa zai ce lafiya lau. Amma a tsoma ma'auni tsakiyarta da asuba, sau da yawa za a tarar da ɗumi. Cikin wannan ɗumin ne ƙwayar cutar Clostridium perfringens take yaɗuwa a nama da miya, wata ƙwayar cutar mai suna Bacillus cereus kuma a shinkafa. Dukansu suna da ƙwanson da tafasa ba ta kashewa, suna farfaɗowa idan abinci ya huce a hankali. Gubar da Bacillus cereus ke bari a shinkafa ko an ɗumama ba ta mutuwa. Ba wari, ba yauƙi, ba sauyin ɗanɗano, shi ya sa ɗanɗanawa ba ta isa gwaji ba.

Gyaran ba wuya. A rarraba miyar cikin farantan ƙarfe masu faɗi, zurfinta kada ya wuce inci 2. Ko a dasa tukunyar cikin kwatamin wanki cike da ƙanƙara da ruwa ana juyawa. Shinkafa a baza ta a tire. Kada a rufe ruf sai ta huce, kuma a rubuta lokaci da zafi duk sanda aka auna. Kashegari a ɗumama ya kai 165 cikin awa 2, a kan murhu, domin na'urar riƙe zafi ba a yi ta don ɗumame ba. Abin da aka adana a manna masa kwanan wata. Kwana 7 yake da shi, ranar dahuwa ita ce ta farko.

Hannu, rashin lafiya da yaji

Wanke hannu daƙiƙa 20 ne da sabulu, 10 zuwa 15 daga ciki ana cuɗawa, a kwatamin da aka ware don hannu kaɗai. Safar hannu ba ta ɗauke wankin, kuma ana sauya ta duk lokacin da aka sauya aiki. Ruwan kulorin na goge teburi da katakon yanka ƙarfinsa ya kasance tsakanin 50 da 99 a takardar gwajin ƙarfin kulorin. Ƙara bilic da ido ba tsafta ba ce, guba ce a faranti.

Mai amai ko gudawa ba ya shiga kicin sai ya yi awa 24 ba alamar ciwo. Wanda idonsa ya yi rawaya irin na ciwon shawara ya gaya wa manaja nan take. Gaskiya ne asarar kuɗin yini tana da ciwo ga mai aikin awa, amma cutar Norovirus ɗan kaɗan ɗinta ya isa ya kwantar da duk wanda ya ci daga hannun mutum ɗaya.

Abincin da doka ta lissafa cikin masu tayar da alaji, wato rashin lafiyar da jikin wasu ke yi idan ya ƙi wani abinci, guda 9 ne: madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande da ƙaguwa, 'ya'yan itace masu ƙwanso irin su kashu, gyaɗa, alkama, waken suya, sai riɗi da aka ƙara a Janairun 2023. Mai sayar da tsire ya lura da nan sosai, domin yajinsa da ƙuli-ƙuli ake daka shi. Baƙon da ya ga garin ja ba zai san gyaɗa ce ba, ga wasu kuwa ɗan burbushi kan toshe numfashi. In aka tambaye ka abin da ke cikin abinci ba ka tabbatar ba, ka kira manaja. Wuta ba ta kashe alaji, saboda haka wuƙa da katako da waya ta gashi duk sai an sauya.

Da ka ci jarrabawa, ka sauke takardar a take, ka buga kwafi biyu, ɗaya na manaja domin mai duba tsafta yana iya nema, ɗaya naka. Katin naka ne ko ka sauya wurin aiki a cikin jihar. Ka sa ranar ƙarewarsa a kalandar wayarka da tunatarwa wata ɗaya kafin lokaci, domin na ma'aikaci idan ya ƙare sai an sake kwas da jarrabawa.