Kaska ta fito, masu kiwo a kula

Assalamu alaikum 'yan uwa. Damina ta kankama a Zariya, ciyawa ta yi tsawo a bakin kogin Galma da wajen Shika, lokacin kaska ke nan.

Gane ta ba wuya. Babba ƙafa 8 gare ta, ba ta da fiffike, ba ta tsalle irin na ƙuma. Sabuwar ƙyanƙyasa kuwa ƙafarta 6, 'yar mitsitsiya ce. Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce mai zanen launi a gadon baya da ƙafafu masu ratsi. Bakinta dogo ne, kuma ita ke ƙara tsananta kirci a jikin shanu.

A daji tana hawa kan tsinin ciyawa ta miƙe ƙafafun gaba, tana jiran ɗumi da numfashin dabba. Tana iya yin watanni ba ta sha jini ba, muddin akwai laima a ƙarƙashin ganye. Mace in ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa ta zuba dubban ƙwai, shi ya sa nake roƙon a riƙa sassabe gefen garke.

In dabbobi sun dawo kiwo, a duba cikin kunne, hantsa, gindin wutsiya da tsakanin kofato. Yaran da ke kiwon ma a duba su. In an ga kaska, a kama ta da hantsaki daf da fata, a ja a miƙe a hankali. Don Allah kada a ƙona ta tana jiki, kada kuma a murƙushe ta da farce, jininta na iya ɗauke da cuta.

Saniya in ta fara zazzaɓi ko fitsari ja, a hanzarta nemo likitan dabbobi, ko a tuntuɓi asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru.