Kada Ku Ɗora Faifan Sola A Kan Soron Ƙasa

'Yan'uwa masu tsofaffin gidajen ƙasa a Sakkwato, musamman na kewayen Hubbaren Shehu, idan za ku sa sola, ku kafa faifan a kan ƙarfe a tsakar gida, kada ku ɗora shi a kan soro.

Dalili shi ne, duk ramin da aka huda don ɗaure ƙarfe ƙofa ce ga ruwan damina, kuma da zarar danshi ya kai ga azara, bakinta da ke cikin bango zai fara ruɓewa ba tare da kun gani ba.

Wayar ma a bi da ita cikin bututu ta gefen bango, kada a sassaƙe zanen magabata.

Shi kuwa soron, ku sabunta yaɓensa da makuba, wato haɗin yaɓe da ake yi da ɓawon ɗorawa, kafin ruwan farko, ku shafe shi da farar ƙasa. Kaurin ginin yana tare zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, don haka fanka ɗaya takan wadatar da ɗaki. Ina roƙonku ku guji siminti, domin yana kulle danshi a cikin bango.

Dabarar kafa faifan a ƙasa ba ta aiki idan inuwar darbejiya ta rufe tsakar gidan.