Yadda ake haɗa atamfa, shadda da akoko a ɗinka bargon ƙyallaye

Ɗinka tufa biyu da auduga a tsakaninsu tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, domin haka ake yin lifidin da ake sa wa dawaki, sai dai shi akan cusa masa audugar rimi. Bargon ƙyallaye ma hawa uku ne: fuska, ciko da shafin baya. A Maradi kayan aikinsa ba su da wuyar samu, tun da kowane shagon tela yana tara guntayen atamfa da shadda, musamman bayan ɗinkin salla, kuma duk wanda ya fara aikin da kaka zai gama kafin sanyin Disamba da Janairu ya kankama. Abin da ya fi ɓata irin wannan bargo shi ne haɗa yadudduka waɗanda ba su dace da juna ba, don haka daga zaɓen ƙyalle aikin yake farawa.

Da farko a tabbatar cewa ƙyallen auduga ne, domin atamfa mai araha da yawa a kasuwa tana da gaurayen roba. A yanki ɗan tsinke a kusantar da shi ga wutar ashana. Auduga takan ci da wuta da wari irin na takarda, ta bar toka mai laushi, ita kuwa roba narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Mai roba ba ta shan gumi, kuma dutsen guga mai zafi yana iya ƙona ta, saboda haka a ware ta gefe.

Atamfa ita ce ta fi dacewa da fuskar bargo, domin kaurinta matsakaici ne, tana riƙe guga, kuma bakinta ba ya saurin warwarewa bayan an yanka. Shadda tana da kyau a ido, amma saƙarta a matse take, ga sitaci da bugun da aka yi mata, har allurar hannu takan sha wuyar ratsa ta. A ganina wurinta shi ne kewayen bargo, inda ake bukatar ƙwari, kuma a ɗinka ta da keke. A kuma sani cewa ƙyallinta zai ragu da wanki, don kada a gina kyan bargon a kansa. Akoko da popilin sun fi amfani a shafin baya. Saƙi kuwa, wanda ake yi da zare da abawa, yana da kauri da ɗumi, sai dai saƙarsa sakwa-sakwa ce, idan aka haɗa shi da siririyar atamfa a ɗinki ɗaya zai ja ta har wurin ya yage. In ana son sa shi, a bi bakinsa da ɗinki tukuna, a kuma haɗa shi da mai nauyi irinsa. Leshi da yadi mai talewa ba su da wuri a wannan aiki.

Wanki kafin yanka wajibi ne, kuma nan ne masu gaggawa suke yin asara. Auduga tana ƙanƙancewa a wankin farko, amma ba daidai da juna ba: akoko da saƙi sun fi atamfa tsukewa nesa. Idan aka ɗinke su ba a wanke ba, ranar da bargon ya shiga ruwa wani ɓangare zai shige, wani ya tsaya, fuskar ta yamutse yadda guga ba za ta gyara ta ba. A jiƙa kowane launi daban, a wanke da sabulu, a ɗauraye har ruwan ya fito fari. Sannan a goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kan ja, baƙi da duk abin da aka rina da shuni. Wanda ya ci gaba da zuba bayan wanki biyu ko uku a haƙura da shi, komai kyansa, domin shi kaɗai ya isa ya ɓata sauran. A shanya a inuwa, a goge tun da sauran danshi.

Wajen yanka, a yi ma'auni da kwali mai kusurwa huɗu, santimita 22 kowane gefe, wanda zai koma 20 bayan an bar santimita 1 na ɗinki a kowane ɓangare. Ƙyallaye guda 80 masu wannan girman, wato layi 10 mai guda 8, za su ba da bargo mai faɗin santimita 160 da tsawon mita 2. A aza kwalin daidai da tafiyar zaren ƙyallen, kada a karkace, domin abin da aka yanka a karkace talewa yake yi a ƙarƙashin keke. A shimfiɗa su duka a kan tabarma a duba tsarin kafin a fara, a riƙa raba atamfa mai manyan furanni da yadi mai launi ɗaya don ido ya sami wurin hutawa. A haɗa layi-layi, a kwantar da kowane ɗinki da dutsen guga kafin a wuce gaba. Allurar keke mai lamba 80 ko 90 ta ishi atamfa, shadda da saƙi kuwa sai mai lamba 100.

Ciko mafi sauƙi shi ne tsohon bargo marar nauyi ko tsofaffin zannuwa biyu da aka wanke. Auduga da aka gurje aka shiɓa ta fi ɗumi, amma tana son ɗinki kusa da kusa, kamar tazarar santimita 5, in ba haka ba za ta dunƙule wuri ɗaya bayan wanki. A shimfiɗa shafin baya a ƙasa, ya ɗara fuskar faɗi kaɗan, a aza ciko, a aza fuska, a kama su da dogon ɗinkin wucin gadi. Ɗinkin gaske a fara shi daga tsakiya zuwa gefe, da zaren auduga mai ƙwari, don duk wata tattara ta fice ta baki. Daga nan a datse rarar cikon, a naɗo shafin baya kan fuskar a kalmashe, a bi shi da ɗinki sau biyu, domin bakin bargo ne yake fara cinyewa.