Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa wayarin wutar mashin

Wai an gama haɗa mashin, an yi fenti yana ƙyalli, a buga kik ya ƙi tashi, sai kawai a ce CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa filogi, shi ne ya mutu a ruga Sabon Gari a sayo sabo. Wallahi sau da yawa CDI ɗin lafiyarsa lau, fentin nan da kake yabo shi ne ya hana wuta wucewa. Koyil mai ƙara ƙarfin wutar filogi da CDI duk sai sun samu at mai kyau, wato wayar da ake ɗaurewa a jikin firam, in ka ɗaure ta kan fenti ko tsatsa to kamar ba ka ɗaure komai ba. Sa sanfefa ka goge wurin har ƙarfe ya fito fes sannan ka ɗaure da noti, ka kuma duba akwai waya tsakanin inji da firam.

Na biyu kuma mai cin kuɗi, CDI iri biyu ne, akwai AC mai shan wuta daga koyil ɗin cikin inji, akwai DC mai shan 12V daga batir, kuma wani lokaci soket ɗinsu kamar ɗaya. Mai shago ya miƙo maka, ya shiga daidai, kai kana murna. In ka sa na DC a layin AC yana iya ƙonewa nan take saboda wutar can ta fi ta batir nesa ba kusa ba. Tafi da tsohon a hannu, kar ka dogara da "duk ɗaya ne Oga".

Kalar waya fa, a tsarin Honda da yawancin na Chana ke bi, kore at ne, baƙi da ruwan ɗorawa daga CDI zuwa koyil, baƙi da ja daga inji, baƙi da fari shi ne mai kashe mashin. Wannan baƙi da farin in ya goge ya taɓa bodi ko'ina, ko kwana za ka yi kana kik ba wuta. Zare shi daga CDI ka gwada, in filogi ya ba da wuta to matsalar na wajen makulli ko kan layin. Amma Bajaj kalarsa daban, kuma tsohon mashin da ya sha hannun makanikai ba a yarda da kala, sa mitar gwajin wuta ka gwada wayarin.

Sai masu murɗa waya da hannu su naɗe da salatif, damina na zuwa ruwa ya shiga, mashin ya riƙa yankewa kana tsakiyar go-slow ɗin Kwangila. A liƙe da dalma. Fis in ya ƙone kar a cusa waya a gurbinsa, nemo abin da ya ƙona shi. Filogi kuma a bar tazarar bakinsa wajen 0.6 zuwa 0.7mm, kuma lokacin gwaji ka jingina shi jikin inji, kar ka buga kik wayarsa na lilo a iska, koyil ke shan wahalar.