Yadda ake kiwon tumaki a dazukan gwamnati na kan duwatsun yammacin Amurka

Kafin tunkiya ko ɗaya ta sa ƙafa a dajin gwamnati a jihohi irin su Aidaho da Wayomin, sai mai dukiyar ya mallaki izinin kiwo daga hukumar kula da dazuka, wanda galibi na shekara 10 ne, sannan a kowace shekara a ba shi takardar da ta fayyace ranar shiga, ranar fita da adadin dabbobinsa. Harajin bai taka kara ya karya ba, domin tumaki biyar ake lissafawa a matsayin saniya ɗaya, kuma mafi ƙarancin kuɗin kiwon saniya ɗaya a wata shi ne dala 1.35. Albashin makiyayi da abincin karnuka su ne ke cin aljihu.

Ba a hawa dutse sai ƙanƙara ta narke, ƙasa ta tsane, ciyawa ta yi ƙwari.

Inda na ga sababbin makiyaya suna faɗuwa shi ne makwanci. Da zarar mutum ya sami fili mai daɗi kusa da tantinsa, sai ya riƙa koro garke, tumaki wajen dubu da 'ya'yansu, zuwa wurin kowace yamma, don kawai ya huta da ɗaure kaya. Kafin mako ya zagayo filin ya zama turɓaya da kashin tumaki, 'yan raguna kuma sun zubar da ƙibarsu a kai da komo, kuma wannan tabon ne jami'in daji zai fara gani idan ya zo duba wurin. A bar su su kwana inda dare ya riske su, a kan tudu, nesa da rafi, gobe kuma a yi gaba. Tunkiya da kanta sama take nufa idan rana ta yi sanyi, saboda haka makiyayi ya tare gefe kawai, kada ya cika tura kare, domin garken da aka matse tattakewa yake yi fiye da ci. Gishiri ma kada a zuba shi a bakin ruwa.

Kowace safiya a ƙirga baƙaƙen tumakin da aka sa a matsayin alama, domin idan ɗaya ta ɓace, to ba ita kaɗai ta tafi ba. Karnukan gadi su kwana cikin garke saboda koyoti, wani karen jeji mai kama da dila, da beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai kashe tumaki. Idan aka hangi tumakin jeji masu manyan ƙahoni, a janye garken a sanar da hukuma, domin na gida suna sa musu ciwon huhu. A sauko kafin ranar da takarda ta yanke.