Shawara ga masu ɗaukar hoton biki a ɗakin taro

'Yan'uwa masu ɗaukar hoto, abin da ya fi ɓata hoton biki a cikin ɗakin taro shi ne haska filasha kai tsaye a fuskar amarya, domin goshi yakan yi ƙyalli, kwalliya ta dushe, sannan baƙar inuwa ta tsaya a bango bayanta. Ku juya kan filashar zuwa silin ko bangon gefe, haske ya bugi wurin ya dawo da laushi a kan fuska. Amma ku fara duba launin silin ɗin, don idan ja ne ko kore, wannan launin zai sauka a fatar mutane, kuma a irin wannan wuri gara ku yi amfani da lema mai tace haske.

Ku buɗe idon kyamara zuwa f/2.8, ku ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke karɓar haske, zuwa 1600 ko 3200 ba tare da fargaba ba, saurin ɗauka kuma kada ya gaza 1/125 na daƙiƙa idan ana motsi. A ganina, ɗan ɗige-ɗigen da ɗaga ISO ke sa wa hoto ya fi hoton da ya girgiza sauƙin gyara. Idan dangi sun jeru layi biyu, ku rage buɗin idon kyamarar zuwa f/5.6 domin na baya su fito sarai.